Dima da Fanka: Ƙiyasin da Bai Cika Sharaɗi Ba

Akwai wata mas'ala da takan taso duk sa'ad da bazara ta kankama, wato ranar da regiletar fankar sama ta lalace, maigida kuwa ya dubi ɗan makunnin nan mai murɗawa da ake rage hasken ƙwai da shi, wanda masu wayarin ke kira dima, ya ce a ransa ai abin da ya iya rage haske ba zai kasa rage iska ba. To wannan ƙiyasi ne, malaman usulu kuwa sun daɗe da sharɗanta cewa ƙiyasi ba ya inganta sai illar da ke cikin asali ta tabbata a cikin reshe.

Wutar da ke shigowa gidajenmu, wadda ƙa'idarta bolt 230 ce, kai da kawowa take yi sau 50 a daƙiƙa guda, ma'ana takan kumbura ta sace sau ɗari kafin mutum ya gama cewa bismilla. Dima ba ta tsuke wa wuta hanya kamar yadda ake tsuke bakin famfo. A cikinta akwai wani ɗan ƙanƙanin mai gadi da ake kira tirayak, wanda aikinsa shi ne ya rufe ƙofa a farkon kowane kumburi, ya jinkirta gwargwadon yadda aka murɗa, sa'an nan ya buɗe farat ɗaya ya saki ragowar. Wani Ba'amurke mai suna Joel Spira ne ya tsara dimar gida ta wannan salo a 1959, ya kuma kafa kamfanin Lutron a 1961, kuma abin da ke gabansa a lokacin shi ne ƙwan fitila mai zare a ciki. Shi wannan zare bawan Allah ne mai haƙuri, duk yadda aka yayyanka masa wuta karɓa yake yi ya mai da ita zafi da haske, ba ya ƙorafi.

Amma fanka ɗabi'arta daban ce, domin zuciyarta naɗaɗɗiyar wayar tagulla ce, wato kwayil, irin injin da asalinsa ke komawa ga aikin Nikola Tesla na 1888, tare da ɗan kafasito da ke ba ta turin farko, yana kuma raka ta cikin juyawa. Halin kwayil shi ne ƙin gaggawa: ba ya son wuta ta shige shi kwatsam, ba ya kuma son ta bar shi kwatsam, saboda haka kullum gudanar wutar da ke cikinsa tana biye ne a bayan ƙarfin da ya turo ta. Shi kuwa tirayak ba ya rufe ƙofa sai gudanar ta tsaya cak, don haka idan aka haɗa shi da mai jinkiri irin wannan sai lissafinsa ya rikice, wani lokaci ya buɗe ba a kan kari ba, wani lokaci ya ba kumburi ɗaya fiye da ɗan'uwansa. Wannan shi ne sababin gunjin nan mai kama da kukan zuma a amya, wanda ba a jinsa da rana saboda hayaniya, sai dare ya tsala ya hana mutum barci. Duk wanda ya taɓa kunna fanka da inbata mai araha ya san wannan murya, domin cutar ɗaya ce, wuta ce mai kaifin baki aka ɗura wa injin da aka gina don wuta mai laushi.

Gunji dai ana iya jure shi. Abin tsoro shi ne zafi, musamman a ƙasar da ake ɗauke wuta a maido ba sallama. A ce an murɗa dima ƙasa aka kwanta, aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, can tsakar dare aka maido. Ƙarfin da ya ishe ta ci gaba da juyawa bai kai ya tashe ta daga tsaye ba, sai ta tsaya tana nishi, fukafukai ba motsi, alhali wuta na zagaya kwayil babu iskar da za ta sanyaya shi. Da asuba a kai hannu jikin injin a ji shi rau kamar murfin tukunya, ɗaki kuma yana ƙaurin fentin da ke rufe wayar. Daga nan sai wurin mai riwayin, in Allah ya taƙaita abin.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa akwai regiletar fanka ta zamani da ita ma tirayak ne a cikinta, sai dai an ƙara mata abin da ke kwantar da tsallen wutar, an kuma yi mata iyakar da ba za ta sauka ƙasa da ita ba. A ra'ayina wadda ta fi su duka ita ce mai matakai, mai ƙas-ƙas idan ana murɗawa, wadda ke sauya kafasito a kowane mataki, domin ba ta yanka wuta balle a ji gunji, ba ta kuma ɗaukar zafi kamar tsohuwar regileta mai ƙaton akwati. Fankoki masu rimot da ake haɗawa da sola kuwa suna da nasu tsarin a ciki, dima ba ta halatta gare su ko kaɗan.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka je shagon kayan wuta ka duba kwalin da kyau, in ba a rubuta cewa na fanka ne ba, ka mayar wa mai shago kayansa.