Ƙarƙashin gado, cikin adudu

A tsofaffin gidajen Ƙofar Gayan, uwar gida ba ta tashi daga tabarmarta don neman abu, aike take yi. "Ke Ladidi, shiga ɗakina ki leƙa ƙarƙashin gado ta wajen kai, ki jawo adudun nan mai murfi. Akwai ƙunshin farin ƙyalle a ciki, katina na asibitin Gambo Sawaba yana nan." Yarinyar ba ta taɓa ganin katin ba, amma kafin a gama sauke tukunya ta kawo shi.

Irin wannan kwatancen kwamfuta take bi. Kowane fayil yana da hanyarsa: faifan ajiya shi ne ɗakin, folda ita ce adudun, foldar da ke cikinta kuma ƙunshin ƙyallen. Tun shekarun 1960 masu ƙera manyan kwamfutoci suke jera ajiya haka, wata cikin wata. Hoton 'yar foldar da muke dannawa ya fito ne da na'urar Xerox Star a 1981, Macintosh ta Apple kuma ta yaɗa shi a 1984.

To, ka zauna a shagon buga takardu lokacin da ɗaliban Kwalejin Nuhu Bamalli ko na Jami'ar Ahmadu Bello suke fama da furojet. Ɗalibi zai miƙa filashi ya ce a buga masa babi na uku. Mai shago ya buɗe, sai ga fayil biyar: wani Document1, wani "na ƙarshe", wani "na ƙarshe sosai". Wanne malam ya gyara? Sai a shiga buɗe su ɗaya-ɗaya, layi na tsawo, janareta na shan mai. Ɗalibin nan bai yi ajiya ba, watsa kaya ya yi a tsakar gida. Hanyar gane ajiya kuwa ita ce ta uwar gidan nan: kana iya aiken wanda bai san kayan ba ya ɗauko daga bakinka kawai?

Suna ne rabin aikin. A zamanin MS-DOS harafi 8 kacal ake ba mutum, sai wutsiyar harafi 3 mai nuna nau'in fayil. Daga Windows 95 aka buɗe ƙofa har zuwa 255, amma har yau muna rowar suna kamar da kuɗi ake saye. Rubuta abin da ke ciki da ranarsa, ka fara da shekara, sai wata, sai rana: "2024-03-15 babi na uku gyaran malam". Da haka fayilolin za su jeru da kansu, tsoho sama, sabo ƙasa. WhatsApp ma da kwanan wata yake sa wa hotuna suna, sai dai ba ya gaya maka na biki ne ko rasit. Idan ka danna fayil a Windows ka taɓa F2, nan take za ka sauya sunan. Abu guda da ke kama mu Hausawa shi ne, a wajen kwamfuta ƙ daban, k daban. Wanda ya ajiye da "Ƙofa" ya zo nema da "Kofa" yana iya komawa hannu rabbana, don haka a tsaya kan ɗaya.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce tunda ga akwatin nema. Gaskiya yana taimako, musamman idan ka tuna kalma ɗaya daga sunan, ko ka jera kayan bisa ranar da aka taɓa su a ƙarshe. Word ma yana riƙe jerin takardun da ka buɗe kwanan nan. Amma akwatin neman nan shi ma ɗan aike ne, mai ƙafa da sauri kawai. Ka ce masa "nemo mini abin nan", zai juye maka ɗakin gaba ɗaya a gabanka.

Ni dai ban yarda da folda cikin folda har hawa bakwai ba. Ƙunshi ya yi yawa, mai shi ma mantawa yake. Hawa biyu ko uku sun isa: makaranta, sai shekara, sai darasi. Fuskar kwamfuta da foldar da ke karɓar abin da aka sauke daga intanet kuwa wurin sauke kaya ne, a riƙa kwashe su duk mako.

A wuri ɗaya adudu ya fi kwamfuta amana: ba ya wayar gari ya ƙi buɗuwa. Faifai yana mutuwa ba sallama, filashin da ya zaga shaguna kuma yakan kwaso cutar da ke ɓoye fayiloli. Abin da ka goge daga faifan kwamfuta yana jiranka a kwandon shara, amma wanda ka goge daga filashi ba ya biyawa ta can. Furojet, takardun fili da hotunan satifiket, a yi musu kwafi na biyu a wani filashin da ba ya fita yawo, ko a Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta.