Maigida Ya Ƙi Injin Numfashi: Ina Mafita Ga Uwargida?

A birnin Katsina, tun daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura, akwai gidajen da uwargida ba ta runtsawa sai an kusa kiran assalatu. Maigida ya manyanta, mantuwa ta kama shi, ga minshari mai ƙarfi. Can sai ya yi tsit, numfashi ya ɗauke, sa'an nan ya zabura yana haki. Likitoci sun ce maƙogwaro ne yake rufewa na daƙiƙa 10 ko fiye, in abin ya tsananta har sau 30 ko fiye a awa guda. Wannan yakan ƙara hawan jini, yana kuma iya ƙara dagula tunani.

Maganin da aka fi sani shi ne injin CPAP, wanda likita Colin Sullivan na ƙasar Ostareliya ya bayyana a 1981. Iska yake hurawa ta cikin takunkumin hanci domin hanya ta zauna a buɗe. To, a nan ake yin ta. Dattijon da ya shekara arba'in yana ba da umurni a kasuwa ko ofis ya farka cikin duhu, ya ji abu ɗaure a fuskarsa, ya manta dalilinsa. Ba shakka zai fizge shi.

Mu dai ba mu ga taurin kai a nan ba. Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa hankali shi ne sharaɗin taklifi, saboda haka wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifin gardama. Jayayya da shi tsakar dare kuwa tsoro kawai take ƙara masa.

A fara da rana. A sa masa takunkumin na ɗan lokaci bayan La'asar yana sauraron rediyo, a riƙa maimaita bayani a takaice, da ladabin da ya saba ji. In ya cire, a bari ya natsu tukuna. A koma wurin likita, ko a sauya takunkumin ko a daidaita ƙarfin iskar, a kuma tambaye shi game da kwanciya a kan gefe. Kada a ba shi ƙwayar barci sai likita ya yarda, domin tana iya tsananta ciwon.

Saura 'ya'ya. Sayen inji da batirin da zai riƙe shi in an ɗauke wuta bai sauke musu nauyi ba. Su raba kwana a tsakaninsu, mahaifiyarsu ita ma ta sami daren da za ta yi barci.