Yadda Sukari Ke Buɗe wa Gishiri Ƙofa a Cikin Hanji

Dukanmu mun san ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa. To, amma me ya sa ake zuba sukari a ciki? Wasu suna tsammani don daɗin sha ne kawai. Amsar tana cikin darasinmu na ilimin halittu.

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani siririn tantani mai maiƙo, kamar yadda katanga ke kewaye gida. Gishiri da sukari ba sa iya ratsa wannan tantani sai ta waɗansu ƙofofi na furotin, kuma kowace ƙofa tana da irin baƙon da take karɓa.

A shekarar 1960 wani masani Ba'amurke mai suna Robert Crane ya bayyana cewa a bangon hanji akwai ƙofar da ba ta shigar da gulukos, wato sukarin da jiki ke amfani da shi, sai tare da sodiyam, wanda ke cikin gishiri. In an haɗa su, sai su shiga tare, ruwa kuma ya bi bayansu zuwa cikin jini.

Dafin cutar kwalara yakan sa hanji ya yi ta zubar da gishiri da ruwa har jiki ya bushe. Amma likitoci a biranen Dhaka da Kalkata sun gano cewa dafin ba ya lalata wannan ƙofa. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya yi ƙaranci a wani sansanin 'yan gudun hijira a Indiya. Sai Dakta Dilip Mahalanabis ya shiga ba marasa lafiya wannan haɗi ta baki. Dā wajen 30 cikin 100 ke mutuwa, sai adadin ya sauko ƙasa da 4.

Saboda haka, 'yan'uwa, awo yana da muhimmanci. Fakitin ORS na asibiti shi ya fi. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce. In sukari ya yi yawa gudawar takan ƙaru, gishiri mai yawa kuma haɗari ne ga yaro. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kan hanyar zuwa asibiti.

Idan mun koma gida hutu, mu koya wa iyayenmu da maƙwabta. Godiya ga Ubangiji wanda ya tsara jikinmu da irin wannan hikima.