Motar da Ta Riga Sauti, da Darasin da Iska Ke Karantarwa

Duk wanda ya taɓa zama a bakin hanya a ƙasar Tsauni da hantsi, a kwanakin da hunturu ke kaɗawa, ya ga ɗan kabu-kabu ya taho daga wajen Matamaye, iska ta cika masa riga ta kumbura a bayansa kamar salka, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya kwantar da ƙirji kusa da tanki domin babur ya ƙara gaba, to, lalle wannan mutum ya riga ya ga tushen wani ilmi da masana na ƙasashe masu nisa suka ƙare rayuwarsu a kansa. Ɗan kabu-kabun bai karanta shi a littafi ba, kamar yadda mahayin doki a filin sukuwa na Damagaram bai karanta ba sa'ad da yake kwanciya a wuyan dokinsa, amma jikinsu duka biyu ya shaida musu cewa iska, wadda ido ba ya gani, halitta ce mai nauyi da ƙarfi, kuma ba ta barin kowa ya ratsa ta sai ya biya.

Mutanen Nijar sun san tseren motoci ta hanyar gasar Faris zuwa Dakar, wadda tun zagayenta na farko a 1979 ta bi ta Agadas, daga baya kuma ta riƙa ratsa hamadar Tenere. Waccan gasa ta juriya ce, ta kwanaki da yawa a cikin rairayi da duwatsu. Akwai kuwa wata iri dabam, wadda ba a jera motoci a cikinta, sai mota guda da mutum guda a kan miƙaƙƙen layi, abin nema kuma shi ne a san iyakar saurin da abin hawa zai iya yi alhali ƙafafunsa suna kan ƙasa. An fara rubuta wannan tarihi ranar 18 ga Disamba 1898 a Achères, kusa da birnin Faris, inda wani Bafaranshe, Gaston de Chasseloup-Laubat, ya yi gudun kilomita 63 a sa'a guda da mota mai aiki da lantarki, watau abin da ingarman doki na ƙwarai zai iya kaiwa a gajeriyar sukuwa. Ba a rufa shekara ba sai wani mutumin Beljiyam, Camille Jenatzy, ya haye kilomita 100 a sa'a, cikin 1899, da motar da aka ƙera mata jiki mai tsini gaba da baya kamar kwaɓaɓɓiyar ƙwarya mai tsawo. Ko da yake shi kansa yana zaune tsaye ƙyam a bisanta iska tana dukan ƙirjinsa, maƙeranta sun riga sun gane cewa siffar mota tana da hannu a cikin gudunta.

Domin mai karatu ya fahimci abin da ya biyo baya, wajibi ne mu tsaya kan mas'alar iska ita kanta. Idan aka ɗauki akwati mai tsawon mita ɗaya, da faɗin mita ɗaya, da zurfin mita ɗaya, iskar da ke cikinsa tana da nauyin kilo ɗaya da ɗan ɗoriya, saboda haka duk abin da ke tafiya sai ya ture wannan nauyi daga gabansa a kowane taki. Ƙa'idar da masana suka tabbatar kuwa ita ce, in ka ninka saurinka sau biyu, turjiyar iska takan ninku sau huɗu, ƙarfin injin da ake bukata domin rinjayarta kuma ya ninku sau takwas. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya fitar da tafin hannunsa ta tagar mota tana tafiya a hankali ba ya jin komai sai sanyi, amma da ta miƙe a kan kwalta sai ya ji kamar wani ƙato ya kama hannun yana mayar da shi baya. In kuwa ya kwantar da tafin ya zama kamar wuƙa, nan take nauyin ya ragu, in ya ɗan ɗaga yatsunsa sama, sai hannun ya tashi da kansa. A cikin wannan ɗan gwaji, wanda kowane yaro ya taɓa yi, akwai matsaloli biyu da suka dami maƙeran motocin gudu tun farko har yau: ta ɗaya, yadda za a rage turjiya, ta biyu kuma, wadda ta fi haɗari, yadda za a hana motar tashi sama.

Sannu a hankali adadin ya yi ta hawa, kowane mataki kuwa da kuɗinsa da wahalarsa. Henry Segrave ya wuce kilomita 320 a sa'a a bakin tekun Daytona na Amurka cikin 1927, shekarar da Parry-Thomas ya rasa ransa yana neman wannan matsayi a rairayin Pendine na ƙasar Wales. Malcolm Campbell, wanda ya taɓa gwada sa'arsa a Verneukpan ta Afirka ta Kudu a 1929, ya kai kilomita 484 a filin gishirin Bonneville cikin 1935. Daga baya aka iske cewa injin da ke juya ƙafafu ya kusa cimma iyakarsa, sai aka koma ga injin jirgin sama mai tunkuɗa iska ta baya, da shi ne Craig Breedlove ya wuce kilomita 960 a 1965, kana Gary Gabelich ya haye 1,000 da motar roka a 1970, Richard Noble na Ingila kuma ya kai 1,019 a 1983.

Ba a karɓar irin wannan da'awa da fatar baki. Hukumar FIA, wadda ke tabbatar da sakamakon, ta gindaya sharaɗi cewa sai motar ta ratsa tazarar da aka auna sau biyu, zuwa da komowa, cikin sa'a ɗaya, sa'an nan a ɗauki tsaka-tsakin gudun biyu. Hikimar wannan a fili take, gama wanda iska ta taimake shi a tafiya za ta yi masa gardama a komowa, wanda gangara ta ɗauke shi kuma zai gamu da hawa. Ashe dai shaida biyu ake nema kafin a yanke hukunci, kamar yadda alƙalai suka saba.

Bayan nasararsa, Richard Noble ya ɗaura niyyar abin da mutane da yawa suke ganin ba shi yiwuwa, watau a ƙera motar da za ta riga sauti. Sauti yana tafiyar kimanin kilomita 1,200 da 'yan kai a sa'a, gwargwadon zafi ko sanyin iska, shi ya sa mai kallo daga nesa yakan ga taɓarya ta faɗa turmi kafin ƙararta ta iso kunnensa. Muddin abin hawa bai kai wannan sauri ba, iskar da ke gabansa tana samun labarin zuwansa ta kauce. Amma da ya cim masa, babu sauran manzo da zai riga shi, sai iskar ta taru ta dunƙule ta zama kamar bango, wanda ke fashewa da ƙara irin ta aradu. Jirgin sama ya keta wannan bango tun 14 ga Oktoba 1947 a hannun Chuck Yeager, amma shi yana da sarari sama da ƙasa, alhali mota tana da ƙasa a ƙarƙashinta, inda matsin iskar zai iya shiga ya ɗaga hancinta. Wanda ya taɓa ganin iskar farkon damina ta shiga ƙarƙashin rufin kwano ta ɗauke shi tamkar ganye, ya san abin da ake tsoro.

Wanda aka danƙa wa warware wannan mas'ala wani dattijon masani ne, Ron Ayers, wanda bai yarda da hujja guda ba. Ya sa aka lissafa tafiyar iskar da kwamfuta a Jami'ar Swansea, kana aka ƙera ƙaramin samfurin motar aka ɗaura shi a kan keken roka aka harba a Pendine, sai da ya ga lissafi da gwaji sun yi muwafaka tukuna ya amince a sa ɗan Adam a ciki. Motar da ta fito, mai suna Thrust SSC, tsawonta mita 16 da rabi, nauyinta ya haura tan 10, tana ɗauke da injin jirgin yaƙi guda biyu na kamfanin Rolls-Royce, masu shan mai kimanin lita 18 a kowace daƙiƙa. Ba a sa mata tayar roba ba, domin roba za ta tarwatse a irin wannan juyi, sai ƙafafun ƙarfen alminiyam zalla, ana kuma tsayar da ita da lema da ake saki ta baya. An gwada ta a hamadar Al-Jafr ta ƙasar Urdun, kana aka kai ta hamadar Black Rock a jihar Nevada, inda ranar 15 ga Oktoba 1997 Andy Green, matuƙin jirgin yaƙi na Ingila, ya yi zuwa da komowa a kan kilomita 1,228 a sa'a. Ma'anar wannan ita ce kilomita guda cikin abin da bai cika daƙiƙa 3 ba, har da a ce akwai miƙaƙƙiyar hanya, da tsakanin Matamaye da Damagaram bai ɗauke shi minti 5 ba. Har yanzu babu wanda ya karɓe wannan matsayi daga hannunsa.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a zo da irin wannan mota Tenere, ga fili iyakar ganin ido? Amsa ita ce rairayi ba ya riƙe ƙafa. Abin da ake nema fako ne mai tauri, irin gindin tafkin da ya ƙafe ya bar laka shimfiɗe kamar daɓe, mai tsawon kusan kilomita 20. An sami irinsa a nahiyarmu, a Hakskeen Pan ta arewacin Afirka ta Kudu, inda mutanen yankin fiye da 300 suka tsince duwatsu da hannu, sama da tan 16,000, domin tsakuwa ɗaya tak ta isa ta zama harsashi ga mota mai irin wannan gudu. A can ne Andy Green ya kai kilomita 1,010 a sa'a da sabuwar motar Bloodhound a watan Nuwamba 2019, kafin ƙarancin kuɗi ya tsayar da aikin. A wannan shekarar kuma Jessi Combs, wadda ta fi dukan mata gudu a doron ƙasa, ta rasu a hamadar Alvord ta Amurka sa'ad da ƙafar motarta ta gaba ta lalace.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin dukan wannan labari shi ne, mutanen da suka fi kowa gudu a duniya su ne suka fi kowa haƙuri da taka-tsantsan. Sukan yi shekaru suna lissafi domin tafiyar minti biyu, su share hanya, su auna iska, su ƙara sauri kaɗan-kaɗan daga gwaji zuwa gwaji, su ajiye likita da motar kashe gobara a gefe, kuma duk da haka waɗansunsu ba su koma gida ba. To, ina ga wanda ya ɗora buhuna da jarkoki a kan rufin mota har ta zama kamar rumbu, ya taka ta a hanyar da ke ratsa kasuwa, inda awaki da amalanke da yara ke gittawa? Kayan da ya tula a sama suna ƙara faɗin da iska ke duka, mai yana ƙonewa a banza, iskar gefe kuma tana samun abin turewa. Ƙa'idar ninki huɗu ɗin nan ba ta tsaya ga iska kaɗai ba, gama wanda ya ninka saurinsa sau biyu, tazarar da zai ci kafin birki ya tsayar da shi takan ninku sau huɗu, haka nan ƙarfin karo in an yi shi.

Allah Maɗaukaki ya hore wa Annabi Sulaimanu iska a matsayin mu'ujiza, mu kuwa an ba mu hankali domin mu san awonta mu yi aiki da shi. Saboda haka ina roƙon direbobinmu da 'yan kabu-kabu, daga Tsauni har Kance da Daura, su rage tsayin kaya, su tattare riga kafin hawa babur, su sa hular kwano, su kuma sassauta ƙafa a inda jama'a ke taruwa, su tuna maganar magabata cewa sauri ya haifi nawa. Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowane matafiyi ga iyalinsa lafiya.