Ƙudan Mangwaro: A Gindin Bishiya Ake Yaƙinsa

Duk wanda ya taɓa sayen mangwaro a bakin hanya cikin watan Mayu ko Yuni, ya je gida ya yanka ya tarar da tsutsa tana motsi a ciki, to, ya riga ya gamu da babban abokin gābar masu garka. Shi mai saye 'yan kuɗinsa kaɗai ya yi hasara. Amma mai garka, wanda ya shekara yana jiran wannan lokaci, in dillali ya fasa biyu ko uku ya ga tsutsa, sai ya karya farashin mota guda.

Wani ƙuda ne ke wannan ɓarna, wanda masana ke kira Bactrocera dorsalis. Asalinsa daga Asiya yake. A Kenya aka fara ganinsa a Afirka cikin 2003, kafin shekara biyu kuwa ya iso Afirka ta Yamma. Macen ita ce ke huda ɓawon mangwaro ta zuba ƙwai a ciki. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta ci nama har ɗan ya ruɓe ya faɗo, sa'an nan ta fita ta shige ƙasa, bayan 'yan kwanaki ta fito ƙuda. Wannan zagaye duka bai cika wuce wata guda ba in ana zafi da laima. Don haka ne ƙudan ke yawaita da zarar ruwa ya sauka, kuma irin ɗan aure mai nuna a makare, kamar Keitt, shi ya fi shan wuya.

Mai karatu zai lura cewa feshi ba ya isa ga tsutsar da ke cikin nama. Inda ake iya kama ta shi ne gindin bishiya. A riƙa tsince duk wanda ya faɗo, sau biyu ko uku a mako, a ɗaure cikin baƙar leda a bar shi a rana, ko kuwa a binne cikin rami mai zurfi. Akwai kuma tarko mai wani ƙamshi da ke janyo mazan ƙudan su mutu a ciki. Tun 'ya'ya suna ƙanana ake rataye shi. Sai dai fa aikin gayya ne. Wanda ya share tasa garkar, maƙwabci ya bar tasa tana ɗoyi, ya yi aikin banza, gama ƙuda bai san iyaka ba.

Sauran lokutan shekara su ma da nasu aiki. Da hunturu, sa'ad da bishiya ta yi fure, wata cuta mai kama da farin gari takan kakkaɓe furen, ana kuwa tare ta da farar wuta. A wannan lokaci ba a fesa maganin ƙwari, domin ƙudaje da ƙudan zuma su ne ke haɗa fure. Da damina sai baƙin tabo, wanda ake ragewa da magani mai tagulla, da sassabe rassa bayan girbi don iska ta ratsa.

Manoman kudu da suka manyanta za su tuna da wani farin ƙwaro mai kama da auduga da ya ɓulla a Togo da Gana farkon shekarun 1980, ya malalo Nijeriya, ya bi ganyen mangwaro da darɓa har ya yi baƙi. An yi ta feshi ba biyan bukata, wasu har suka sare bishiyoyinsu. Abin da ya kawo sauƙi shi ne wani ɗan mitsitsin zanzaro da aka kawo daga Indiya, wanda aka fara saki a Togo cikin 1987, cibiyar IITA mai hedkwata a Ibadan kuma ta yaɗa shi ƙasashen maƙwabta. Cikin jikin ƙwaron yake saka ƙwansa. Mai feshi barkatai, da shi da ƙwaron yake kashewa tare.