Yadda Kwamfuta Ke Jefa Ƙuri'a

A wasan bingo ana kiran lambobi daga 1 zuwa 75, wanda layin katinsa ya fara cika shi ya ci. Mu ɗalibai 'yan Unguwar Shanu mun rubuta wasan da QBasic, wanda ya fito tare da MS-DOS 5.0 a 1991. Babu hoto, rubutu ne zalla.

Umarnin RND ke zaɓo lamba. Amma fa kwamfuta ba ta san sa'a ba, lissafi take bi. In ba a fara da RANDOMIZE TIMER ba, jerin jiya ne zai dawo yau, mai wayo ya haddace ya cinye kowa. Wannan umarni yana ɗauko mafarin lissafin daga agogo. Lambar da ta fito kuwa, muna yi mata alama kada a sake kiran ta.