Agogon tashin asuba a KM5: abin da za ka duba kafin ka biya kuɗi

A unguwar KM5 ta Bangui gari na wayewa da wuri. Wanda ke kusa da Babban Masallaci kiran salla ya ishe shi, amma mai gida can cikin lungu, ko uwargida da za ta ɗora tukunyar sahur tun kafin ladan ya ɗaga murya, dole su nemi abin da zai tashe su. Da yawa sun dogara da wayar hannu, sai dai fa wayar da cajinta ya ƙare da tsakar dare ba ta tashin kowa.

Shi ya sa batun wuta ne farkon abin dubawa. Lantarkin da kamfanin Enerca ke kawowa daga Boali bai wadaci birnin ba, ana rabon sa ne unguwa-unguwa. Agogon da ake jonawa a bango, in ba shi da batir na ko-ta-kwana, da an ɗauke wuta lissafinsa ya ɓace. Ka nemi mai cin batir ƙirar AA, wanda ba ya wuyar samu a kasuwar KM5. Kuma kada ka bar mataccen batir a ciki, don yana yoyo ya cinye ƙarfen, balle da danshin damina.

Na biyu, wanda ya fi kowanne haɗari, ya shafi agogo mai kiran salla, irin su Al-Fajr da Al-Harameen. Bangui da Douala da Kano duk ƙarfe ɗaya suke bugawa, amma rana ba ta fito musu lokaci ɗaya. Bangui ta fi Douala kusa da gabas da kusan digiri 9, kowane digiri kuwa minti 4 ne. Ke nan alfijir kan riga ketowa a Bangui da kimanin minti 35. Tsakaninta da Kano kuwa, tazarar kan kama daga kusan rabin awa zuwa kusan awa guda, gwargwadon lokacin shekara.

To ka ga matsalar: agogon da aka saita da sunan Douala ko Kano zai nuna maka ƙarfe daidai, ba za ka zargi komai ba, alhali kiran asubarsa a makare yake. Mai azumi sai ya yi ta cin sahur bayan alfijir ya keto. Don haka tun a shago ka sa a nuna maka Bangui cikin jerin garuruwan. In babu, ka tabbata ana iya shigar da wurin da hannu: digiri 4 da minti 22 arewa, digiri 18 da minti 35 gabas. Bayan nan ka gwada shi da jadawalin masallacin unguwarku na kwana biyu ko uku.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma da su ake jin daɗin agogo. Ƙarar ta fara a hankali tana ƙaruwa, kada ta firgita jariri a ɗakin da mutum biyar ke kwana. Fitilarsa ta kunnu sai an taɓa, domin mai haske dare farai yana hana barci, yana kuma shanye batir. Maɓallin kashewa ya zama babba, a sama, yadda hannu zai lalubo shi cikin duhu. Mai hannuwa kuma, kara shi a kunnenka. In kas-kas ɗinsa ya yi ƙarfi da rana a tsakiyar kasuwa, to da dare sai ya hana ka runtsawa.

Shi kuwa maɓallin ƙarin barci na 'yan mintoci, a yi hattara da shi, ya sa mutane da yawa sun rasa jam'i. Maganinsa ba kuɗi: ajiye agogon nesa da shimfiɗa, inda sai ka miƙe tsaye kafin ka kashe shi.